Hadda Kaɗai Ba Ta Yin Ɗan Wasan Kwaikwayo

A yawancin makarantunmu na Sakkwato, shirin wasan kwaikwayo hanya ɗaya yake bi. Idan bikin yaye ɗalibai ko ranar ba da kyaututtuka ta matso, malamin Hausa ko na Turanci zai rubuta wasa, ko ya ɗauko ɗaya daga cikin littattafan da ake karantawa don jarrabawa, a kai shago a buga kwafi, a raba wa yara. Kowa ya ja layi ƙarƙashin maganarsa, ya tafi gida ya haddace. Saura 'yan kwanaki sai a tara su a aji bayan an tashi, a ture bencina gefe, a ce to bismilla. Malam na riƙe da takarda, wanda ya manta a tuna masa, wanda ya yi ƙasa da murya a daka masa tsawa. Ranar biki yara su jeru gaban manyan baƙi, kowa ya ƙura wa bakin ɗan'uwansa ido yana jira ya kai aya domin shi ma ya sako tasa. A tafa, a ci shinkafa, a watse. Ni dai a ganina ba a koyar da wasan kwaikwayo ba a nan, kuma yaran sun fita ba su ƙaru da komai ba sai ƙarfin hadda, wanda dama can suna da shi.

Ba raina hadda nake yi ba. A garin da yaro ke buɗe ido da allo a hannu, babu mai hankalin da zai raina ta. Sai dai mai hadda da kansa yake aiki, shi da abin da ke cikin kansa, ɗan wasa kuwa da wani yake aiki. Dole ya ji abin da aka faɗa masa, maganar ta taɓa shi, amsar da zai bayar ta fito kamar yanzu ta zo masa, alhali ya san ta tun makon jiya. Wannan ba ya samuwa ta hanyar maimaita takarda sau ɗari. Ana samunsa ne ta atisaye, wato ƙananan ayyukan da ake yi a wurin gwaji waɗanda ba su ne wasan ba, kuma 'yan kallo ba za su taɓa ganinsu ba: na saurare, na murya, na motsin jiki, na ƙirƙirar magana nan take. Su nake so a mayar ginshiƙin horar da ɗalibai, tun daga ƙungiyoyin wasa na sakandare har zuwa azuzuwan da ake nazarin adabin Hausa a kwaleji da jami'a.

Na san abin da za a fara ce mini: wasa baiwa ce, ba a koyar da ita. Za a ce su Samanja da Ƙasimu Yero, da suka riƙe mutanen Arewa gaban talabijin daga Kaduna shekara da shekaru, wa ya sa su wani atisaye? Amsa ita ce, shekarun nan da suka yi suna wasa da abokan aikinsu mako bayan mako, su ne suka goge su, har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa. Ɗalibinmu ba shi da waɗannan shekaru. Zangon karatu ɗaya gare shi, wani lokaci ma mako uku, don haka sai an gajarta masa hanya da gangan.

Kuma ba sai mun je Kaduna neman hujja ba. Ƙasar nan ce ta fitar da su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Duk wanda ya natsu ya saurari makaɗan fada zai ji yadda jagora ke kawo ɗan waƙa ya bar shi a hanya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, su yi ƙari, su koma gindin waƙa a tare ba wanda ya riga wani. Jagora na iya sako sabon zance a gaban sarki saboda wani baƙo da ya hango, amma ba za ka ji amshi ya tarwatse ba. Da yawan manyan makaɗa sun fara ne da tsayuwa bayan uba ko yaya suna amshi, shekara da shekaru, kafin su kai ga jagoranci. Abin da suka koya a tsayuwar nan shi ne saurare, da sanin lokacin shiga da lokacin yin shiru. Ko yaran unguwa da ke tashe idan azumi ya kai goma, sai sun taru a lungu sun raba wa juna aiki, sun gwada sun sake gwadawa, kafin su fara sallama a gidajen mutane. Su ma sun san ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ne a makarantun boko muka ɗauka cewa da zarar an buga magana a takarda, aiki ya ƙare.

A Rasha, Stanislavski, wanda ya kafa gidan wasan kwaikwayonsa a Mosko tare da abokinsa a 1898, ya kwashe rayuwarsa yana neman hanyar da ɗan wasa zai daina nuna wa mutane cewa wasa yake yi. A ƙarshen rayuwarsa, kafin rasuwarsa a 1938, ya karkata ga sa 'yan wasa su tashi su gwada fitowa, wato yanki ɗaya na wasan, da bakinsu, da sanin abin da kowa ke nema a wurin ɗan'uwansa, kafin a koma ga kalmomin marubuci. Wannan dabara ba ta bukatar kuɗi ko wutar lantarki, kuma tana aiki a ajin da rufinsa ke yoyo.

Na gwada ta da wasu yara maza biyu a ƙungiyar wasa ta wata sakandare da nake taimaka wa. Fitowar ta tela ce da mai kaya a jajibirin salla. Sun haddace tsaf, amma idan suka yi sai ka ce sanarwa suke karantawa a rediyo. Sai na karɓe takardun, na ja kowane gefe na raɗa masa abin da ɗayan bai ji ba. Tela na ce masa: ka ɓata yadin wurin yanka, kada ka bari ya gane, kuma kada ka yi ƙarya ƙiri-ƙiri. Mai kaya na ce masa: ba ka da cikon kuɗin ɗinki, kana so ka tafi da kayanka ba tare da an tayar da maganar kuɗi ba. Na koma na zauna.

Mai kaya ya yi sallama, ya tsaya bakin ƙofa bai shigo ba. Tela ya amsa da fara'ar da ta wuce kima, yana tura wani ƙyalle ƙarƙashin benci da ƙafa. Aka shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya aiki, ya mutan gida, ya zahi, ya tsohuwa da jiki. Gaisuwa ta ƙi ƙarewa, don babu mai son a kai ga dalilin zuwa. Can dai mai kaya ya sosa ƙeya ya ce, "To, kayan nan hwa?" Tela ya ce, "Naka? Haba, naka ai ba abin magana ba ne. Zamna ka sha ruwa tukuna." Shi kuwa mai kaya, maimakon ya matsa, sai ya yi ajiyar zuciya ya zauna, don shi ma jinkirin ya yi masa daɗi. Sauran yaran da ke kallo suka fashe da dariya, ba don an yi wata barkwanci ba, sai don kowa ya taɓa ganin wannan zama a unguwarsu. Da na mayar musu da takardun, kalmomin marubuci ba su canza ba, amma yanzu akwai abin da kowa ke ɓoyewa a bayansu, kuma idon kowane na kan ɗan'uwansa don gudun kada a gano shi.

Sai dai akwai inda nake rabuwa da wasu abokaina da suka yi karatun fannin. Sukan ɗauko atisayen littattafan Turawa su sauke shi a kan yaranmu yadda yake. A ce mutum biyu su tsaya su kalli ƙwayar idon juna na tsawon mintuna. A ce ɗaya ya rufe ido ya faɗa da baya, ɗayan ya tare shi. A ce kowa ya kwanta a ƙasa a taɓa kafaɗar juna. A Sakkwato, ranar da yarinya ta koma gida ta ba da labarin an yi haka da maza a aji, ranar ce ta ƙarshe da za ta zo gwaji, kuma ban ga laifin mahaifinta ba. Bayan wannan ma, mutanen da yaranmu za su kwaikwaya ba haka suke rayuwa ba. Matar ɗa ba ta kallon idon surukinta. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, tana iya nuna kamar ba ta damu da shi ba a gaban mutane, alhali zuciyarta na kansa. Talaka a gaban hakimi yana iya ƙin abu sarai bakinsa na cewa ranka ya daɗe. Ɗan wasan da aka horar ya zuba duk abin da ke ransa a fuska da ido, ba zai iya fitar da kunya da kara da kawaici ba, su kuwa su ne rabin rayuwar Bahaushe.

Saboda haka atisayenmu sai mun ɗinka shi daidai jikinmu. Idan ana so mutum biyu su koyi bin motsin juna, a ba su karan dawa ɗaya, kowa ya tokare bakinsa da ɗan yatsa, su zagaya aji kada karan ya faɗi, ba magana. Babu taɓa jiki, amma wanda bai kula da ɗan'uwansa ba nan take karan zai tona shi. A sa yarinya ta durƙusa gaban wanda ke matsayin mahaifinta, ya sanar da ita ya ba da ita ga ɗan amininsa, a ce ta ƙi amma kada ta ɗaga kai, kada kuma ta furta a'a. Za ka ga yadda bakin mayafi da yatsun hannu da tsawon shiru ke magana. A sa yaro ya shigo zaure ya yi sallama sau uku: farko ya zo rance, na biyu ya zo da labarin rasuwa, na uku ya zo zance kuma sai ya tarar da mahaifin yarinyar a zaune. Sauran ɗalibai su faɗi wanne ne wanne tun kafin ya ce komai bayan sallamar. Wanda ya iya waɗannan ya kama hanyar wasa, kuma babu uban da zai leƙo ta taga ya ga abin da zai ɓata masa rai.

Maganar murya ba ta bukatar dogon bayani. Wasanninmu a fili ake yinsu, ƙarƙashin rumfa, janareto na ruri, lasifika na yankewa. A fitar da yaro filin ƙwallo, a sa abokinsa can nesa, ya faɗa masa maganar sirri yadda zai ji ba tare da ta koma ihu ba. Numfashi daga ciki ake koya, kuma a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a yi shi bayan la'asar. Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Tun da finafinan bidiyo na Hausa suka fara fitowa daga Kano a 1990, kunnen yaranmu ya saba da cewa jarumi Kananci yake yi. Da sun hau dandamali sai ɗan Runjin Sambo ya koma Bakano, Sakkwatanci kuwa a bar wa wanda zai fito a bagidaje don a yi dariya. Ina sa su maimaita fitowar baƙin ciki da bakin kakarsu, yadda za ta faɗa a tsakar gida. Da farko sukan ƙyalƙyale da dariya, don ba su saba jin harshensu a wurin kuka a dandamali ba. Idan aka daure aka ci gaba, dariyar takan ɗauke.

Duk wannan game da 'yan wasa ne. Wanda aka fi zalunta shi ne ɗalibin da ya kamata ya koyi ba da umarni, don shi ko hadda ba a ba shi. A takardar biki za a rubuta sunan wani ɗalibi a matsayin darakta, amma aikinsa bai wuce kiran suna da ɗauko kujeru ba. Malam ne ke tsara komai, kuma hanyarsa ɗaya ce: ya tashi ya yi maganar da kansa, ya ce yi yadda na yi. Sakamakon haka duk yaran da ke dandamali, tsoho da amarya da ɗan sanda, da muryar malam suke magana. Ɗalibin da ya ga haka, ranar da ya samu kyamara da 'yan wasa, shi ma abin da zai yi ke nan.

Mai ba da umarni ma yana da nasa atisaye, kuma ya fi na ɗan wasa wuya. Na farko, a ba shi fitowa ta minti biyar da 'yan wasa biyu, a hana shi nuna musu yadda za su yi. Tambaya kawai aka yarda ya yi: me kake nema a wurinsa, me ya hana ka faɗa kai tsaye, daga ina kake kafin ka shigo, wa kake tsoron ya ji? Za ka ga yaro yana cizon leɓe, ƙafarsa na ƙaiƙayin tashi. Idan ya jure, sai ya gano cewa abin da ɗan wasa ya samo da kansa ya fi zama a jikinsa fiye da wanda aka ɗora masa. Na biyu, a ba shi tabarma ɗaya da mutum huɗu, ba magana ko ɗaya, a ce ya zaunar da su yadda mai shigowa zai gane wane ne maigida, wace ce uwargida, wace ce amarya, kuma wa aka yi wa laifi jiya da dare. Wa ke kan tabarma, wa ke gefenta, wa ya ba wa wani baya, tazara nawa ce tsakani. A nan ne yake koyon cewa 'yan kallo da ido suke fara fahimtar labari. Sai a kira wani ɗalibin ya sake zaunar da mutanen nan huɗu ta wata fuska, aji ya yi muhawara kan wanne ya fi faɗin gaskiya.

Akwai kuma abin da babu littafin da ke koyarwa sosai: yadda za ka gyara wa sa'anka kuskure ba tare da ka kunyata shi gaban jama'a ba. Wannan babban abu ne a wurinmu, musamman idan yarinya ce ke ba da umarni ga maza, ko ƙaramin ɗalibi ga wanda ya girme shi. Sai ta koyi jan mutum gefe, ta fara da abin da ya yi daidai, ta faɗi gyara ɗaya tak maimakon goma. Sai ta koyi tsara lokaci, ta san cewa tsakanin la'asar da magariba ne kawai take da mutanenta, kuma 'yan mata za su riga tafiya. Sharaɗin duk wannan shi ne malam ya koma bencin baya ya kama bakinsa, ko da yana ganin ana kuskure, sai an tashi ya kira darakta su yi magana su biyu. Na san malamai da yawa da wannan shirun zai fi yi musu wuya fiye da koyar da darasi uku a jere.

Wani zai ce duk wannan wahala don wasan ranar biki? Ai ba a nan abin ya tsaya ba. Ƙungiyoyin wasa a jihar nan su ake nema idan za a faɗakar da jama'a kan riga-kafi, ko tsaftar ruwa, ko karatun 'ya'ya mata, a kasuwannin ƙauye da gidajen rediyo. Yawancin irin waɗannan wasanni wa'azi ne aka raba wa mutum biyar: jahili ya yi taurin kai, bala'i ya same shi, ma'aikacin lafiya ya zo ya yi jawabi, jahili ya tuba. Mutanen karkara ba yara ba ne, sun san ƙarshen tun daga farko. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tun daga tsakiyar shekarun 1970, Michael Etherton da abokan aikinsa sun bi wata hanya dabam. Ɗalibai kan shiga Samaru da garuruwa irin su Maska da Bomo, su zauna da mutane su ji matsalarsu, su gina wasa ta hanyar gwaji ba tare da rubutaccen labari ba, sannan a tattauna da 'yan kallo. Augusto Boal na ƙasar Birazil ya kai abin har inda ɗan kallo zai tsayar da wasa, ya shigo ya karɓi matsayin wanda ake zalunta, ya gwada tasa mafitar. Ka ɗauka an yi haka a kasuwar Achida ko Illela, wani dattijo ya shigo fili ya kawo hujjar da ba ta cikin takarda. Ɗan wasan da hadda kaɗai ya sani zai tsaya baki buɗe. Wanda ya saba da atisayen tela da mai kaya zai amsa masa a matsayinsa na cikin wasa, kuma a nan ne faɗakarwa ta gaskiya ke faruwa.

Na yarda akwai atisayen banza. Na ga inda ake kwashe awa guda ana tsalle-tsalle da tafi, yara su gaji, a tashi ba a taɓa wasan ba, kuma idan ka tambayi mai jagoranta amfanin abin sai ya ce haka ake yi. Duk atisayen da malam ba zai iya faɗin matsalar da yake magancewa a fitowar da ke gabansa ba, a bar shi. Minti ashirin a farkon gwaji sun isa, in dai an zaɓe su saboda wata cuta da aka gani jiya.

Su kuma matasan da ke ɗaukar gajerun wasanni da waya suna sakawa a TikTok da YouTube, kyamara tana ruɗinsu. Tana ba su damar yankewa da sakewa har a samu ɗauka ɗaya mai kyau, sai su ɗauka sun iya. Ranar da aka ba su fitowa mai tsawo wadda ba dariya a cikinta, sai rauninsu ya bayyana.

Inda nake ganin gyara zai fi saurin kama ƙasa shi ne wurin horar da malamai. Ɗaliban da ke karanta Hausa a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato, su ne gobe za a tura Gwadabawa da Tambuwal da Wurno, a ce musu ga ƙungiyar wasa nan ku riƙe. Wasan kwaikwayo ɗaya ne daga cikin rassan adabi uku da suke nazari, tare da zube da waƙa, kuma sanin jigo da salo da zubi da tsari yana da amfaninsa. Abin da nake roƙo shi ne kowane ɗayansu, kafin ya karɓi takardar shaidarsa, ya taɓa tsayawa a tsakiyar aji an karɓe masa takarda, ya kuma taɓa jagorantar 'yan'uwansa a fitowa ɗaya daga farko har ƙarshe. Wurin ba da maki kuma, kashi mafi tsoka ya tafi ga abin da aka yi a makonnin gwaji: zuwa kan lokaci, saurare, karɓar gyara, da ɗan littafin da darakta ke rubuta abin da ya gwada da abin da ya ƙi aiki. Yadda ake yi yanzu, yaron da ya ɓace duk tsawon shiri, ya bayyana ranar biki da gemun auduga ya ba manyan baƙi dariya, shi ke tafiya da kyauta, wadda ta riƙe gwajin tun daga ranar farko kuma ko sunanta ba a kira.